Takardun gwamnati: Ina mutumin Jiga Birni zai same su?

A watan Disambar shekara ta 2025, wani ɗan majalisar wakilan Nijeriya, Abdussamad Dasuki, mai wakiltar Kebbe da Tambuwal a jihar Sakkwato, ya miƙe a zauren majalisar ya yi wani ƙorafi da ya tayar da ƙura a ƙasar.

Ɗan majalisar ya yi zargin cewa sabbin dokokin harajin da aka buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke bayyana dokokinta a hukumance, sun sha bamban a wasu sassa da waɗanda majalisar ta zartar.

Shugaba Bola Tinubu ne ya rattaba hannu a kan dokokin a watan Yunin 2025, aka kuma tsayar da ranar 1 ga watan Janairun 2026 domin fara aiki da manyan sassansu. Bayan an sha ka-ce-na-ce, shugabannin majalisar dokokin ƙasar sun ba da umarnin a sake buga dokokin, tare da fitar da kwafin da aka tabbatar da sahihancinsa.

To sai dai akwai wani ɓangare na lamarin da bai samu kulawa sosai ba. Ɗan majalisar ya iya yin magana ne saboda yana da hanyar samun takardun biyu, ya ajiye su gefe da gefe, ya kwatanta.

Abin tambaya a nan shi ne, idan malamin makaranta ko ɗan kasuwar albasa a Jiga Birni, cikin ƙaramar hukumar Aliero ta jihar Kebbi, wadda ba ta da nisa da mazaɓar ɗan majalisar, ya so ya ga dokar da idonsa, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

A ƙasashe da dama amsar ita ce ɗakin karatu, ko laburare kamar yadda aka fi kiransa. A Nijeriya ma akwai dokar da ta haɗa takardun gwamnati da ɗakin karatu. Matsalarta ita ce an tsara ta ne domin ta tattara takardu zuwa sama, ba ta tanadi yadda za su sauko ƙasa ba.

Abin da ke cikin takardun

Idan aka ce takardun gwamnati, ana nufin duk abin da hukuma ta buga da kuɗin jama'a: gazet, kundin dokoki, kasafin kuɗi, rahoton babban mai binciken kuɗi, bayanan muhawarar majalisa, rahotannin kwamitocin bincike da matsayar gwamnati a kansu, alƙaluman ƙidaya da sauransu.

Galibinsu ba su da daɗin karatu. Amma a cikinsu ake yanke wa mutum hukuncin gonarsa da rumfarsa ta kasuwa, sau da yawa ba tare da ya sani ba.

Dokar amfani da filaye ta shekarar 1978 misali ce mai kyau. Dokar ta raba ƙasa gida biyu: filayen cikin birni, waɗanda ke ƙarƙashin ikon gwamna kai tsaye, da na karkara, waɗanda ƙaramar hukuma ke bayar da izinin mallaka na gargajiya a kansu.

Gwamna ne ke ayyana yankin da ya zama birni, kuma dokar ta ce zai yi hakan ne ta hanyar umarnin da za a buga a gazet ɗin jiha.

Ke nan manomin da gonarsa ke bakin garin Jega ko Aliero, inda gine-gine ke ta cin gonaki, ba zai san takamaimai ofishin da ke da iko da filinsa ba sai ya ga wannan umarni. Wanda ya gani kuwa, dillali ne ko jami'i, ya riga shi sanin farashin da filin zai yi gobe.

Haka batun haraji yake. Wata doka da aka kafa a 1998 ta jera irin harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya da sunan karɓar haraji. Duk direban da ya taɓa ɗauko albasa daga Aliero, ya biyo ta Jega da Maiyama ya nufi kudu, ya san tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi a kan titi. Da wuya dai a ce ganin takardar zai ɗage shinge, amma ƙungiyar direbobi ko ta 'yan albasa da ke riƙe da kwafin doka ba ɗaya take da wadda ke riƙe da jita-jita ba.

Akwai kuma batun kuɗin ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga watan Yulin 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya bi kafin ya iso, mai son sanin abin da aka yi da shi sai ya ga kasafin ƙaramar hukumarsa da rahoton mai binciken kuɗi.

Dokar da ke tarawa

Tun a shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar da ta wajabta wa masu ɗab'i su ajiye kwafin duk abin da suka buga a ɗakin karatun Kwalejin Jami'a ta Ibadan da kuma na sakatariyar gwamnati a Legas.

Da aka koma tsarin jihohi uku, kowacce ta yi tata dokar. A Jihar Arewa, dokar 1964 ta ayyana ɗakin karatun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin ma'ajiya. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Legas.

Ginshiƙin tsarin dai shi ne dokar soja mai lamba 29 ta shekarar 1970, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa.

Dokar ta ce duk mai ɗab'i mai zaman kansa zai kai wa Babban Ɗakin Karatu kwafi 3 na abin da ya buga cikin wata guda. Gwamnatin jiha za ta kai kwafi 10, ita kuwa gwamnatin tarayya kwafi 25. Daga ciki ana tura kwafi ɗaya zuwa Jami'ar Ibadan.

A lokacin da aka yi wannan lissafi jihohi 12 ne a Nijeriya, kuma Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. Sai a watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Yanzu jihohi 36 ne da Abuja, ma'ana kwafi 25 ba za su zagaya ko da manyan biranen jihohi ba.

Ita kuwa jihar Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta. Ko da a ce kwafi goman da dokar ta ɗora mata za a raba su ne a cikin jihar, da ba su isa rabin ƙananan hukumomin ba. Amma ma ba nan aka nufa da su ba. Hukumar tarayya ake kai wa, domin a adana wa tarihi.

Wannan ba laifi ba ne a karan kansa. Kowace ƙasa na bukatar rumbun da za a tarar da abin da ta buga bayan shekara ɗari. Sai dai rumbu daban, rabon hatsi daban, kuma dokar 1970 rumbu kawai ta gina.

Shi kansa rumbun bai cika ba. Jami'an Babban Ɗakin Karatun sun sha kokawa cewa ma'aikatu da hukumomin gwamnati na cikin waɗanda ba sa kai kwafin da doka ta ce su kai, lamarin da ya sa suke yawan shirya tarukan faɗakarwa. Tarar da aka yanka wa mai saɓa dokar tun a 1970 ta zama abin dariya saboda faɗuwar darajar naira, kuma ba kasafai ake jin wata hukumar gwamnati ta gurfanar da 'yar'uwarta a kotu kan kwafin rahoto ba.

Bugu da ƙari, ginin hedikwatar Babban Ɗakin Karatun a Abuja, wanda aka bayar da kwangilarsa a 2006, har zuwa 2025 ba a kammala shi ba. A watan Satumbar shekarar ce uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta nemi masu yi mata murnar cika shekara 65 su ba da gudunmawa domin a ƙarasa aikin, aka kuma tara sama da naira biliyan 20.

Zamanin akwatin littattafai

Abin mamaki shi ne Arewacin Nijeriya ya taɓa samun tsarin da ke kai takarda ƙasa.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, hukumomin gargajiya, wato En'e, sun buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwan larduna, inda ake ajiye jaridu da takardun labarin yaƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, na cikin abin da ake zuwa karantawa.

A 1952 aka kafa ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna da makarantu, a karanta a mayar, a kawo wasu.

A cikin shekarun 1950 ɗin ne kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna. Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke cikinsa, yana da Zaruma, Katsina na da Himma, Kano kuwa Sodangi.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Abin da hukuma ke so a ji shi ake kaiwa, ba abin da talaka zai riƙe ya tuhumi hukuma da shi ba. Da yawa daga cikin ɗakunan ba su da ƙwararrun ma'aikata, kuma rahoton da wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta wa gwamnatin Arewa a 1963 ya nuna akwai jan aiki a gaba.

Duk da haka tsarin ya tabbatar da abu guda: idan gwamnati na da bukatar takarda ta isa ƙauye, takan isa, ko da a lokacin da babu kwalta.

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya sanya ɗakunan karatu cikin ayyukan da ƙananan hukumomi za su iya gudanarwa. To amma a rabon kuɗi, ɗakin karatu ba ya gogayya da albashi da rijiyar burtsatse, kuma sannu a hankali ɗakuna da dama suka koma ofisoshi ko shaguna, wasu kuma aka garƙame.

Tsofaffin takardun lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda masu bincike ke zuwa dubawa. Sau da yawa ɗalibi kan fi samun sauƙin gano rahoton harajin wata gunduma na shekarun 1930 a kan kasafin ƙaramar hukumarsa na shekaru goma da suka wuce.

Amurka da Afirka ta Kudu

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe da tsarin rarraba takardun gwamnati ta ɗakunan karatu ita ce Amurka.

Tun a 1813 majalisar dokokin ƙasar ta amince a riƙa aika wasu takardunta zuwa jami'o'i da ƙungiyoyin tarihi. Dokar ɗab'i ta 1895 ta damƙa aikin ga maɗaba'ar gwamnati, ta kuma kawo jerin sunayen takardun da ake fitarwa kowane wata, domin a san abin da aka buga.

Yarjejeniyar mai sauƙi ce. Gwamnati na ba ɗakin karatu takardu kyauta, shi kuma ya samar da wuri da ma'aikata, ya kuma bar kowa ya shiga ya duba ba tare da biyan ko kwabo ba, ko da ɗakin na jami'a ne mai zaman kanta. Takardun na nan a matsayin mallakar gwamnati.

Dokar 1962 ta raba ɗakunan kashi biyu. Akwai manya, da ba su wuce biyu ba a kowace jiha, waɗanda aka ɗora wa karɓar komai su ajiye. Akwai kuma ƙanana, masu zaɓar abin da jama'arsu ke bukata, waɗanda aka yarje wa su rabu da takarda bayan shekara biyar. 'Yan majalisa ne ke ayyana galibin ɗakunan a mazaɓunsu, abin da ya sa suka bazu ko'ina. Yawansu ya kai kimanin 1,100.

Gyaran da aka daɗe ana muhawara a kansa a can shi ne na komawa intanet. Wata doka ta 1993 ta umarci maɗaba'ar ta fara sanya takardu a kwamfuta. A ƙarshen 2022 wani kwamiti ya ba da shawarar a mayar da tsarin kacokan kan intanet, kuma daga 2024 aka rage abin da ake bugawa a takarda zuwa wasu muhimman kundaye ƙalilan. Kanada ta riga ta daina rabon na takarda tun a 2014.

Sai dai ba a jima ba aka ga inda gizo ke saƙar. A farkon 2025, bayan wasu umarni na Shugaba Donald Trump, dubban shafukan intanet na hukumomin Amurka sun ɓace cikin 'yan kwanaki, ciki har da na kiwon lafiya, har sai da kotu ta sa aka mayar da wasu. Ma'aikatan ɗakunan karatu da masu bincike ne suka yi ta rige-rigen kwafe bayanai kafin a goge.

Takardar da aka raba wa ɗakuna dubu ba mai iya janye ta da dare ɗaya. Wadda ke kan shafi guda kuwa, mai shafin ne ke da iko da ita.

Misalin da ya fi kusa da halin Nijeriya shi ne na Afirka ta Kudu. Bayan kawar da mulkin wariyar launin fata, ƙasar ta sake dokarta a 1997, ta kuma ƙara wani abu a kan tsohon tsarin tarawa: ma'ajiyar takardun hukuma aƙalla guda a kowane lardi, wadda aikinta shi ne buɗe wa jama'a ƙofa.

Cikin na farko da aka ayyana akwai ɗakin karatun Kotun Tsarin Mulki a Johannesburg da wani ɗakin karatun jama'a a garin Phuthaditjhaba na lardin Free State, nesa da manyan birane. Aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya, amma dai dokar ta amince cewa adanawa da isarwa ayyuka ne biyu.

Shin intanet ta wadatar?

Masu ganin cewa zancen ɗakin karatu ya zama tsohon yayi suna da hujja. Buga dubban kwafi da jigilarsu na cin kuɗi, alhali waya na hannun mutane da yawa.

Kuma an samu ci gaba na zahiri. Tun a 2004 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, a ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga kason da kowace jiha da ƙaramar hukuma ke samu duk wata a jaridu. Daga 2018 kuma wani shirin Bankin Duniya mai suna SFTAS ya riƙa ba jihohi tukuici idan suka sanya kasafin kuɗinsu da rahoton binciken kuɗi a intanet a kan lokaci. Jihohi, ciki har da Kebbi, sun shiga wallafa kasafinsu a shafukansu.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2011. Ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa bukatar mai neman bayani, ta kuma wajabta mata wallafa wasu bayanai ko ba a tambaya ba. Jihohi da dama sun shafe shekaru suna cewa dokar ba ta shafe su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025, a wata shari'a daga jihar Edo, cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati.

To amma wanda bai san an buga abu ba, ba zai nema ba. Wannan shi ne giɓin da jerin sunayen takardu ke cikewa, kuma shi ne aikin da ma'aikacin laburare ya ƙware a kai.

Sannan kasafin kuɗin jiha kundi ne mai ɗaruruwan shafuka cike da jadawali. Karanta shi a fuskar ƙaramar waya, a garin da wuta ba ta tsayawa, da kuɗin data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, aiki ne da sai mai tsananin naci.

Mutanen wannan yanki sun kuma san cewa layin waya abu ne da hukuma ke iya rufewa. A watan Satumbar 2021 an katse sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu sassan Sakkwato da Katsina, saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni a haka.

Sai kuma matsalar da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Shafukan gwamnati kan canja idan gwamnati ta canja. Kwangilar mai kula da shafi kan ƙare, a buɗe sabo, tsofaffin takardu su bi ruwa. Idan aka sauya lamba ɗaya a cikin takardar da ke intanet, ba wanda zai gane sai mai tsohon kwafi. Rikicin dokokin haraji na 2025 ya nuna cewa wannan ba tsoro ne na banza ba.

Da wane harshe?

Ko takardar ta iso, da Turanci za ta iso, Turancin ma na lauyoyi da akantoci.

A zamanin Jihar Arewa, da Hausa da Turanci ake gudanar da majalisar dokoki a Kaduna. Tsarin mulkin 1999 ma bai rufe ƙofar ba: sashe na 97 ya yarda majalisar jiha ta yi aiki da wani harshen da ake magana da shi a jihar baya ga Turanci, idan ta amince da hakan.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar karatu ba ce. Nan ne mazaunin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya yi rubuce-rubuce kan shari'a da sha'anin mulki, kuma har gobe akwai ɗimbin mutanen da ke karanta Larabci da ajami ba tare da sun zauna a ajin boko ba. Kiran irin waɗannan mutane jahilai saboda ba su iya karanta gazet ba, ɗora laifin mai rubutu ne a kan mai karatu.

Ba kowane shafi ne za a iya fassarawa ba, kuma a kotu nassin Turancin ne hujja. Amma taƙaitaccen bayani da Hausa na kasafin ƙaramar hukuma, ko na jerin kuɗin da aka halatta a karɓa a kasuwa, bai wuce 'yan shafuka ba. A kudancin jihar, wajen Zuru da Yawuri, akwai wasu harsunan da su ma za a yi la'akari da su.

Inda gyaran zai fara

Masana aikin laburare a Nijeriya sun daɗe suna kiran a yi wa dokar 1970 garambawul, musamman domin ta haɗa da takardun da ake wallafawa a intanet kaɗai, a kuma ƙara tarar. Wannan zai gyara rumbun. Bai taɓa batun rabo ba.

Ɓangaren rabon ba lallai ne ya jira Abuja ba. Gazet ɗin jiha da kasafinta da dokokin ƙananan hukumominta duk a hannun jiha suke, kuma majalisar dokokin jiha na da ikon ayyana wasu ɗakunan karatu a matsayin ma'ajiya, ta wajabta wa maɗaba'ar gwamnati da ma'aikatu su kai musu kwafi cikin ƙayyadadden lokaci.

Ba sai an yi sabon gini ba. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya. A Birnin Kebbi akwai kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da jami'ar tarayya. Dukkansu ba sa rasa ɗakin karatu da ma'aikatan da suka san aikin.

Sharaɗin da ya riƙe tsarin Amurka shi ne zai yi wuyar samu a nan: a bar kowa ya shiga. Ƙofar jami'a na da mai gadi, mai gadi kuma katin shaida yake tambaya. Idan dokar ba ta fito fili ta ce manomi da ɗan kasuwa na da haƙƙin shiga sashen takardun gwamnati ba, to za a tara wa malamai da ɗalibai ne kawai, su da dama can suna da hanya.

Dangane da abin da za a buga a takarda kuwa, darasin ƙasashen da suka koma intanet shi ne a zaɓi kaɗan masu nauyi. Gazet da dokoki da kasafin kuɗi da rahoton mai binciken kuɗi su ne waɗanda ake kafa hujja da su, su ne kuma wani zai so a ce sun ɓace. Sauran ana iya ajiye su a kwamfutar ɗakin karatun kanta, ta yadda ko layi ya yanke, ko shafin ma'aikata ya mutu, kwafin na nan.

Inda aka fi samun cikas shi ne matakin ƙaramar hukuma, domin a can ba rabon ne kaɗai ya yi ƙaranci ba, bugawar ma ba ta zama al'ada ba. Dokar kasuwa ko ta kuɗin rumfa kan tsaya a fayil ɗin sakatariya, sai dai a ji ta a bakin mai karɓar kuɗi. Kafin a kai kwafi laburaren Aliero, sai an sami dokar da ta ce irin wannan ƙa'ida ba ta fara aiki sai an buga ta an kuma ajiye ta inda jama'a za su gani.

Akwai kuma kuɗin gudanarwa. Gwamnatoci sun fi son aikin da za a yanke kyalle a ɗauki hoto, alhali wannan aiki ne na albashin ma'aikaci guda ko biyu, da kanta, da farantin hasken rana, da kuɗin mota daga Birnin Kebbi duk wata. Ɗakunan karatu na En'e ba rushe su aka yi ba. Akwatin ne ya daina zuwa.

Daga Jiga Birni zuwa harabar jami'ar Aliero tafiyar babur ce a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Ƙudurin da zai ayyana laburaren jami'ar a matsayin ma'ajiya, ya kuma buɗe ƙofarsa ga mutanen gari, a majalisar dokokin jiha da ke Birnin Kebbi za a gabatar da shi, kuma kowane ɗan majalisa na da ikon kawo shi.